Gishirin Bonneville a Kan Injin Wata Ford 1932: Yadda Aka Wanke Shi

Motar Ford ce ƙirar 1932, mai ɗaukar mutum biyu, ba ta da rufi. An cire mata madigadi gaba da baya, an cire bonet ɗungurungum, injin na zaune a fili kowa na kallo. Irinta ce Amurkawa ke kira hot rod, wato tsohuwar mota da aka rage wa nauyi aka ƙara wa injinta ƙarfi. Mai ita wani dattijo ne mazaunin wani gari na bakin teku a kudancin Kalifoniya. A watan Agusta ya tuƙa ta tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa filin gishiri na Bonneville a jihar Yuta, inda ake taron makon tsere tun 1949. Kallo ya kai shi, ba tsere ba. Amma kamar yadda masu irin motarsa suka saba, ya hau kan gishirin da ita, ya yi ta zirga-zirga tsakanin masaukinsa a garin Wendover da inda masu tsere suka yada zango. Da ya dawo gida sai ya kunna abin ban ruwan ciyawa a ƙarƙashinta, ya bar shi yana ta feshi, ya kuma wanke jikinta tas. Injin ne kaɗai ya ji tsoron jiƙawa. Ya share shi da busasshen tsumma, ya ga yana ƙyalli, ya lulluɓe motar a gareji.

A watan Disamba ya yaye lulluɓin, don yana son kai ta baje kolin Grand National Roadster Show da ake yi a garin Pomona na Kalifoniya farkon kowace shekara. Farin gari ya cika tsakanin haƙarƙarin tof ɗin alminiyom, wato murfin saman injin. Ɗigo-ɗigon tsatsa ya fito a jikin janareta da ƙarafan da suka tallafe lagireto. Kafiretoci uku da aka yi wa rufin kurom sun yi ƙuraje. Cikin ruɗewa ya ɗauko wani ruwan cire maiƙo mai ƙarfi ya fesa a kusurwar tof na hagu, kafin ya ankara wurin ya dusashe ya koma ruwan toka. Daga nan ya tsaya, ya ɗora motar a tirela ya kai ta wurin wani mai sana'ar wankewa da goge tsofaffin motoci.

Injin da ake magana a kai

Injin ba shi ne ainihin wanda ya zo da motar ba, amma ɗan gidansu ne. Kamfanin Ford ya fito da injinsa mai silinda takwas a 1932, lita 3.6, ƙarfin doki 65, ya ci gaba da ƙera shi a Amurka har 1953. Bawul-bawul ɗinsa suna cikin gangar injin a gefen silinda, don haka murfin sama, wato tof, faifai ne kawai shimfiɗaɗɗe, abin da ya sa ake kiran injin flathead. Wanda ke cikin wannan motar samfurin 59A ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lita 3.9, kowane tof na ɗaure da noti 24, distiribita kuma na can gaba a ƙasa, bayan fanka, daidai inda duk abin da hanya ta watso ke sauka.

Saboda tof ɗin ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa, sauya shi da na alminiyom mai haƙarƙari ya zama abu mai sauƙi, kuma sana'a guda ta tashi a kai a Los Anjelis. Vic Edelbrock babba ya sayi Ford 1932 a shekarar 1938, ya ƙera mata manifol, wato bututun da ke raba fetur da iska ga silinda, mai ɗaukar kafiretar Stromberg 97 guda biyu, ya riƙa gwada ta a busassun tafkunan hamadar Mojave. Offenhauser da Barney Navarro su ma sun yi suna da tof da manifol. A lokacin gudu ne abin nema, ƙyalli bai dami kowa ba. Kurom ya yawaita ne sa'ad da motocin suka fara shiga zaurukan baje koli, tun daga wanda aka yi a Los Anjelis a Janairun 1948, sai kuma na Oakland a 1950, wanda shi ne ya koma Pomona a 2004. A can ne ake ba da kofin nan mai tsawon ƙafa tara ga motar da ta fi kyau, wanda Bill Niekamp ya fara ɗauka da Ford ɗinsa ta 1929. Tun daga lokacin aka shiga rufe janareta, fanka, bututun fetur, noti da salansa da kurom, ana ajiye madubi a ƙarƙashin mota don a ga cikinta.

Dattijon ba kofin yake nema ba. So yake motarsa ta tsaya cikin 'yan'uwanta ba tare da ya ji kunya ba.

Abin da gishirin ya yi cikin wata huɗu

Mutane da yawa suna ɗaukar kurom a matsayin wani kauri na ƙarfe mai sheƙi da za a iya gogewa son rai. Abin ba haka yake ba. Rufin ado mai kyau hawa uku ne: jan ƙarfe a ƙasa don cike ƙofofi da daidaita fuska, nikel a tsakiya, sannan kurom a sama. Nikel ne ke ɗauke da yawancin sheƙin da kuma kariyar. Kurom ɗin kansa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, gashin kan mutum ya fi shi kauri fiye da sau ɗari. Aikinsa shi ne ya hana nikel dusashewa, ya kuma ba shi launin nan mai ɗan shuɗi-shuɗi. Yana da tauri ƙwarai, amma cike yake da tsage da ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwan gishiri yana bi ta nan, ya ci nikel a hankali, ya isa ga ƙarfen da ke ƙasa. Tsatsar da ake gani a saman kurom daga ƙasa ta ɓullo.

Me ya sa dattijon bai ga komai ba a watan Agusta? Busasshen gishiri ba ya cin ƙarfe, sai ya sami laima. A Yuta iska a bushe take ƙarau. Gishirin girki, wanda shi ne mafi yawan abin da ke filin Bonneville, yana fara jawo ruwa daga iska ya narke idan laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari. Gishirin magniziyom da ke cakuɗe a ruwan filin kuwa tun a wajen kashi 33 yake jiƙewa. Garin dattijon hazon teku ke rufe shi da dare da asuba. Kowane dare ƙurar gishirin da ta maƙale a lunguna tana zama ruwa, kowace rana tana bushewa, lulluɓin da ya yi wa motar kuma ya hana iska ratsawa. Tsumman da ya yi amfani da shi ma bai cire gishirin ba, tura shi ya yi cikin haƙarƙari da gindin noti. Motar ba madigadi, ba bonet, duk abin da tayoyin gaba suka kwaso a kan injin suka zuba.

Kafin a taɓa ruwa

Mai sana'ar bai wanke komai ba a ranar farko, kuma a ganina wannan ne wurin da aikin ya yi kyau. Ya ɗauki hotunan kowane sashe, musamman yadda wayoyin fulogi suka bi da yadda sandunan totur suka haɗa kafiretocin uku. Daga nan ya shiga tantance ƙarfe. Ga ido, duk abin da ke kan injin fari ne mai ƙyalli. A haƙiƙa kuwa ƙarfe iri biyar ne, kuma abin da ke gyara ɗaya yana ɓata ɗaya.

Kayan binciken ba su wuce maganaɗisu da farin tsumma da ɗan man goge ƙarfe ba. Abin da maganaɗisu ya kama, kamar gidan janareta, fanka da salansa, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin kurom. Abin da bai kama ba sai a ɗiga masa mai a ɓoyayyen wuri a murza. In tsumma ya yi baƙi ƙirin nan take, tsirarar alminiyom ce da aka goge, kamar tof da manifol. In tsumma ya fita kusan fari, to ko dai sitenles ne, kamar wasu kusoshi da bututun fetur, ko kuwa kurom ne a kan wani ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Gangar kafiretocin Stromberg na cikin wannan rukuni na ƙarshe, domin da narkakkiyar tutiya aka zuba su. Na biyar shi ne gangar injin kanta, ƙarfen zubi mai jan fenti.

Sai dattin. Shi ma ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne yana nuna inda ya fito. Bayan gishiri, akwai siririn maiƙo a bayan manifol da jikin bangon da ya raba inji da direba. Wannan tururin baƙin mai ne da ke fita ta murfin numfashi, don injin ya girmi tsarin nan na mayar da tururi cikin inji a ƙone shi, wanda sai a motocin 1961 aka fara sa shi a Kalifoniya. Akwai tabo ruwan zuma a gindin kafiretar tsakiya da ta baya. Stromberg 97 ta shahara da zubar fetur idan turin famfo ya wuce kimanin fam biyu da rabi a kan kowane murabba'in inci, kuma da aka auna na wannan motar an tarar ya haura. Akwai kuma farin ɓawo mai ɗan kore a gindin noti biyu na tof ɗin dama. Da farko an ɗauka gishiri ne. Ashe ruwan lagireto ne ke tsattsafowa, domin wasu daga cikin kusoshin tof na wannan injin suna ratsawa har cikin hanyar ruwa.

Mai sana'ar ya gaya wa dattijon cewa ba zai goge ko da noti ɗaya ba sai makanike ya tsayar da yoyon fetur da na ruwa. Dalilinsa a fili yake. In aka yi sheƙi yau, fetur ya ɗiga gobe a kan alminiyom mai zafi, tabon ya dawo, za a sake gogewa, kuma kowace gogewa tana tafiya da wani abu daga ƙarfen. An sa na'urar daidaita turin fetur, an sauya allurar fulot da gasket na kafiretocin, an cire kusoshin nan biyu ɗaya bayan ɗaya aka shafa musu man toshe yoyo aka mayar.

Muhawarar ruwa

A nan ne mutanen biyu suka fi jayayya. Ƙa'idar da masu tsofaffin motoci suka riƙe ita ce ba a jiƙa irin wannan injin. Suna da hujja. Bakin kafiretoci a buɗe yake yana kallon sama. Distiribita ba ta da kariyar ruwa. Wayoyin an naɗe su da zare irin na da, in sun sha ruwa suna daɗewa ba su bushe ba. Janareta tana da ƙofofin shan iska. Fulogi kuma na zaune cikin 'yan ramuka a saman tof, inda ruwa ke kwanciya. Shi ya sa hanyar da aka saba ita ce ta feshin mai cire maiƙo a kan tsumma, da buroshi, da tsinken auduga, ana bi sashe-sashe. Dattijon wannan hanyar yake so.

Amma gishiri ba ya narkewa a cikin kananzir ko man cire maiƙo. Ruwa kaɗai ke ɗauke shi, kuma ruwa mai yawa. Duk wanda ya goge wannan injin a bushe ya shafa masa kaki, to ya rufe gishirin ne a ciki ya bar shi yana aikinsa. Saboda haka aka yanke shawarar a jiƙa injin sharkaf, amma sai an raba shi da duk abin da ruwa zai cutar.

An cire kan batir. An sauke kafiretocin uku, janareta, wayoyin fulogi, kwayil da murfin distiribita. An toshe ramukan manifol da tsumma mai tsabta, aka rufe da leda da salatef. An naɗe distiribita da murfin numfashi da bakin sandar auna mai. Fulogi an bar su a ɗaure, su ne marfin silinda. Sai hulunan kurom da ke kan notin tof, guda 48, waɗanda danna su kawai ake yi a kan noti. Da aka ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya da ɗan katako, kusan kowanne akwai jiƙaƙƙen gishiri a cikinsa. Notin da ke ƙasa ba a kwance su ba, don kwance su gaba ɗaya yana nufin sabon gasket.

Ba a yi amfani da injin feshi mai ƙarfi ba. Ƙarfin ruwansa yana cusa datti cikin gasket, yana kuma ɗaga kurom a duk inda ya fara ɓantarewa. Tiyo aka sa mai zubo da ruwa a hankali, injin kuma a sanyaye, don ruwan sanyi a kan alminiyom mai zafi hatsari ne, sabulu ma bushewa yake ya bar zane. An fara da zallar ruwa daga sama zuwa ƙasa, ba tare da an taɓa ƙarfen da komai ba, domin ƙwayar gishiri da ƙurar hamada in aka murza su a kan kurom karce shi suke. Bayan haka aka kawo sabulun wankin mota mai laushi, wanda ba asid ba ne ba kuma soda ba, da burusai masu taushin gashi iri-iri, har da siririn da ake wanke bututu da shi don shiga tsakanin haƙarƙari. Wuraren maiƙo an bi su da mai cire maiƙo da aka tsarma da ruwa, irin wanda aka tabbatar ba ya cin alminiyom, ba a kuma bar shi ya bushe a jiki ba.

Wata dabara da ta burge ni ita ce yadda ya san lokacin tsayawa. Yana tarar ruwan da ke gangarowa daga injin a kofi, ya tsoma masa 'yar na'urar nan mai kama da biro da ake auna narkakken gishiri a ruwa da ita, ya kwatanta da ruwan da ke fitowa daga tiyo. Muddin na kofi ya fi, sai a sake ɗauraya. Bayan injin ya yi kamar ya bushe ya kwana, aka sake jiƙa shi, awon ya sake tashi, don gishirin da ke lunguna ya samu ya fito. An maimaita har awon biyu suka daidaita. Ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa aka yi ta, saboda ruwan famfon kudancin Kalifoniya yana da ma'adinai da yawa, in ya bushe yana barin farin tabo. Ruwan wankin duk a kan shimfiɗar roba aka tare shi, don dokokin garuruwan yankin sun hana sakin ruwan maiƙo a magudanar titi da ke zuba a teku.

Daga nan iskar kwamfiresa ta bi kowane noti, kowane haƙarƙari, da ramukan fulogi musamman, kafin a kuskura a kwance ko ɗaya.

Gogewa, kowane ƙarfe da nasa

Alminiyom ta fi cin lokaci amma ta fi yafiya, tunda ƙarfe ɗaya ne daga sama har ƙasa. Kusurwar da dattijon ya ɓata, ruwan da ya fesa yana da kostik soda a ciki, ita kuwa soda narkar da alminiyom take yi. Tabon ba datti ba ne da za a wanke, fuskar ƙarfen ce ta ciwu. An kankare wurin da takardar yashi a jiƙe, daga lamba 800 zuwa 1,500 zuwa 2,000, sannan aka bi da man goge alminiyom har ya haɗe da sauran. Farin garin da ke tsakanin haƙarƙari an kaɗe shi da buroshin roba. Buroshin waya na baƙin ƙarfe ba a kusanto da shi ba, don yana barin ɓurɓushi a cikin alminiyom da ke komawa tsatsa daga baya. Inda yatsa ba ya shiga, tsumma aka naɗa a kan siririn katako, ko kuma a shafa wa igiyar takalmi ta auduga mai a riƙa ja gaba da baya. Saman haƙarƙarin kaɗai aka fitar wa sheƙi, cikinsu aka bar shi da launinsa na zubi kamar yadda yake tun asali.

Kurom kuwa akasin haka ne. Ba a kankare shi, ba a matsa masa. Sassan da ba su ciwu ba, kamar fanka da mazuraran iska na kafireta, sabulu da tsumman maikirofaiba kawai suka sha, sai ɗan man goge kurom mara ƙarfi sau ɗaya. Man goge alminiyom ba a sa musu ba, kuma an ware tsumman kowane ƙarfe dabam, don baƙin da ke fita daga alminiyom yana iya zana kurom. A kan janareta da ƙarafan lagireto, inda tsatsa ta ɓullo, mai sana'ar ya dunƙule takardar alminiyom ta kicin ya tsoma a ruwa ya murza a hankali. Ba ta kai kurom tauri ba, don haka tana ɗauke jan tabon ta bar rufin. Akwai masu rantsuwa da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, kuma gaskiya yana aiki a kan kurom mai kyau. Ya ƙi shi a nan saboda gashinsa yana karyewa ya faɗa lunguna, kuma a kan injin da ke da janareta da maganaɗisu a ciki wannan neman wata fitinar ce. Ruwan wanke ƙafar mota mai asid ma bai shigo garejin ba. Asid na haidirokulorik yana narkar da kurom kai tsaye, har masu rufin ƙarfe da shi suke cire tsohon rufi.

Alamar da ya riƙa dubawa ita ce launi. Idan wuri ya fara komawa ɗan rawaya-rawaya a tsakiyar farin shuɗi, an ratsa kurom an isa nikel ke nan, kuma babu man da zai mayar. A bayan gidan janareta an tarar da irin wannan wuri, tsohon aikin wani mai himma ne tun kafin gishiri.

Da tsatsar ta fita, ramukan da ta fito daga ciki suna nan, ƙanana kamar bakin allura. Ba sa cikewa. Abin da za a iya yi shi ne a busar da su a toshe su kada laima ta koma. An shafa wa sassan da ba sa zafi sosai man kariya na roba-roba. Kakin karnoba da ake sa wa fenti yana narkewa a wajen digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyas, tof ɗin flathead kuwa yana kai wannan zafin cikin sauƙi, sai kakin ya yi laushi ya kama ƙura. Feshin silikon mai sa tiyo da roba ƙyalli shi ma an bar shi, yana tara ƙura, in ya taɓa fambel kuma ya sa shi santsi.

Shuɗin salansa

Bututun salansa uku ne a kowane gefe duk da silinda huɗu-huɗu ne, saboda silinda biyu na tsakiya ƙofa ɗaya suke raba. Hayaƙin ma sai ya ratsa cikin gangar injin kafin ya fita, wanda yana cikin dalilan da suka sa flathead ya yi ƙaurin suna wajen zafi. Bututun tsakiya, mai ɗaukar wutar silinda biyu, ya fi sauran yin shuɗi da ruwan zinare a kusa da gindinsa. Dattijon ya so a cire wannan launin.

Mai sana'ar ya hana shi. Launin siririn ɓawo ne da zafi ya haifar a fuskar rufin. Mayukan da ake sayarwa don cire shi kankara suke yi, wato suna tafiya da wani abu daga kurom ɗin da dama bai kai maikiron ɗaya ba, kuma da an yi tafiya ɗaya mai nisa shuɗin zai dawo. Ni ma ina bayansa a nan. Shuɗin gindin salansa shaida ce cewa motar tana hawa titi, kuma masu sanin abin a Pomona ba sa ganinsa aibi a motar da ake tuƙawa. Abin da aka yi shi ne makanike ya duba taimin da yawan fetur da kafiretocin ke bayarwa, don taimin da ya makara ko fetur da ya yi kaɗan suna ƙara wa hayaƙi zafi, su sa shuɗin ya yi ta gangarowa. An tarar taimin ya ɗan makara, aka gyara. Kafin a ta da injin an goge bututun duka da sifirit, domin ko sawun yatsa in ya gasu a kan kurom mai zafi zama yake daram.

Abin da ya tsira da abin da bai tsira ba

Tof biyu da manifol sun dawo kamar da. Fanka, mazuraran iska, bututun fetur da kusoshin sitenles ba abin da ya same su. Janareta da ƙarafan lagireto sun yi kyau ga mai kallo daga taku biyu, wanda ya sunkuya kuwa zai ga ramukan. Hulunan noti da suka ciwu daga ciki an zubar an sayi sababbi, ba su da tsada.

Kafiretocin ne suka gagara. Tutiya in ta ruɓe a ƙarƙashin rufi kumbura take yi ta ɗaga shi, sai fuskar ta yi kamar ta mai zanzana. Gogewa fasa ƙurajen kawai za ta yi. Gyaransu na gaskiya shi ne mai rufin ƙarfe ya cire tsohon rufin, ya haƙe kowane rami ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, ya rufe da jan ƙarfe, ya cike da dalma, ya daidaita, sannan ya sake hawa ukun. Aiki ne na hannu mai tsada, kuma masu yin sa a Kalifoniya suna ta raguwa. A watan Mayun 2023 hukumar kula da tsabtar iska ta jihar ta amince da dokar daina amfani da nau'in kurom mai haddasa ciwon daji, wanda da shi ake yin rufin ado na gargajiya. Wa'adin masu rufin ado ya fara daga 2027, da ƙarin lokaci zuwa 2030 ga waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa, masu rufin masana'antu kuma an ba su zuwa 2039. Nau'in da ya maye gurbinsa ya fi aminci ga ma'aikata da maƙwabtan masana'anta, sai dai launinsa ya ɗan fi duhu, kuma idan aka jera shi da tsohon rufi a kan inji ɗaya mai ido zai gane.

Lokaci bai isa a kai kafiretocin a dawo da su kafin baje kolin ba. An wanke su a bushe da tsinken auduga, an toshe ƙurajen da man kariya, aka sauya musu wuri, wadda ta fi ciwuwa ta koma baya kusa da bangon direba. Haka motar ta je Pomona. Bayan an tashi dattijon ya sauke su ya aika wa wani mai rufin ƙarfe a wata jiha, ya ɗora wasu Stromberg uku marasa kurom don tuƙin yau da kullum. Ya kuma sa makanike ya gyara masa gefunan bonet da ya daɗe da jingine su a bango, don ya ce zai koma Bonneville a Agusta mai zuwa, kuma a wannan karon zai wanke injin da ruwa a Wendover kafin ya kamo hanyar gida.